Littafin Zane a Akwatin Amana

Har yau ban manta da ranar da na ɗaga katifar ɗaki na bakwai ba, a watan Muharram, bayan Hajjin 1384. Lokacin ina aikin shara a gidan wani muɗawwif, wato mai saukar da alhazai, a unguwar Tandabawi ta Makka. Ƙa'idar aikin ita ce, duk abin da alhaji ya manta a sa shi a akwatin amana har shekara ta zagayo, ko zai dawo ko ya aiko.

Ƙarƙashin katifar na sami ɗan littafi, ba bango, ba sunan mai shi. Zane ne shafi bayan shafi, kowane a cikin ɗan gida, da rubutu a bakin mutanen. Wani ƙato mai kan kura yana zaune a kujera, ana kawo masa mutane a faranti. Ban iya karatu ba a lokacin, kuma rubutun Larabci ne, ba na jefa shi a shara, don ban san ko da sunan Allah a ciki ba. Sai na naɗe shi a tsumma, na kulle a akwatin.

Kuskurena shi ne na gaya wa Baba Sale mai shayi.

Kafin mako ya cika, wai littafin tsafi ne. Wai hotunan suna motsi. Wani dillali ya taso tun daga unguwar Utaibiyya, ya ja ni gefe.

"Malam Idi, sayar mini da shafi ɗaya kawai. An ce guda uku ne a duniya."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya gani."

"Ni kaɗai na gani, ya shaikh!"

"To, ka ji! Ashe akwai shi."

Ni kuwa ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama. In maganar tsafi ta isa kunnen hukuma, sai a sa ni a jirgin ruwa a Jidda, a bar iyalina a nan. Maigida ya kira ni. "Ya Idris, ko maganar nan ta mutu kafin Juma'a, ko ka bar gidana. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Ya ammi, amana ce."

Ya ce, "Kawo amanar."

Ya karanta shafi biyu, ya rufe, ya share gumi. Ba tsafi ba ne. Zambo ne wasu suka zana wa shugaban ƙasarsu, suna yaɗa shi a ɓoye. Ya ce wannan ya fi tsafi haɗari.

Ranar Alhamis da hantsi muka tara su Baba Sale a tsakar gida. Na buɗe musu kowane shafi, suka gani da idonsu, sannan maigida ya cinna masa ashana. Na tsira da aikina, amma karon farko ke nan da amanar wani ta ƙone a hannuna.

Toka ba ta huce ba Baba Sale ya matso, ya rage murya. "Dabara ta yi kyau, Idi. Yanzu ina na ainihin?"

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, duk abin da kuka tsinta ku nuna wa maigida da shaidu biyu a ranar, komai muninsa. Mutanenmu suna gajiya da abin da suka gani. Wanda aka kulle musu a akwati kuwa, bara ma sai da wani ya zo tambayata.