Hassan da Dutsen Ɗa'if

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da dutsen Ɗa'if ya ɗauke mana ƙanena Hassan. Allah Ya jiƙansa.

Ni dai ba mai fita ba ce. Daga ɗakina a unguwar Hindawiyya sai kasuwar Bab Makka sayen yaji, halas, shi ke nan. Amma Hassan da 'yar tagwaicinsa Hassana, tun suna yara in suka ga dutse ƙafarsu ƙaiƙayi take. Da suka girma, su ke raka alhazan da suka zo daga gida hawan Jabalin Nur, dutsen nan na Makka. Shi ya bar hanya ya bi santsin dutse, yana tsalle samari na masa tafi. Ita ta ɗaure abaya a ƙugu, ta riƙe hannun tsofaffi. Kowa sai ya ce ai haka Allah Ya yi, namiji da neman haɗari, mace da lallaɓawa.

Ni kuwa kunnena ya ji wani abu daban. Wata rana ina tuƙa tuwo na ji yana ce mata, "Wallahi ke ce mai zuciya. Ni gudu nake don kar in duba ƙasa. Ke kuwa sai ki tsaya a bakin rami kina dariya." Ta ce, "Yi shiru, matsoraci, kar Inna ta ji."

Ranar da ya faɗi, samari ne suka zuga shi ya tsallake wani tsagi. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa namiji ne. Inna ta sa Hassana rantsuwa ba za ta ƙara taka dutse ba. Ba ta ƙara ba. Dariyar nan ma ban ƙara ji ba.

Yau an yi matakala a Jabalin Nur, a Ɗa'if kuma akwatin ƙarfe mai rataye a waya ke ɗaga mutane sama. Da Hassan ya gani, na san cewa zai yi, "Yaya, wannan ai lilo ne."

Watan jiya Maryam, 'yar Hassana, ta nemi izinin bin ƙawayenta hawan dutse. Na ce ina! Uwar kuwa sai ta tashi ta ɗauko ɗankwali, ta nuna mata yadda ake ɗaure abaya a ƙugu, ta ce, "In an yi miki tafi, kar ki waiwaya."

Rantsuwar Hassana tana nan. Hassan bai bar ɗa ba, bai bar gida ba. Abin da ya faɗa a bayan murhuna ne na ga ya fita ƙofa, cikin abayar Maryam.