Matakalar da Ba Ta Kai Ko'ina

A inda na yi karatu an koya mana cewa masu fafutuka sun fi zage damtse idan suka hango abin da suke nema ya matso. A aji na yarda. Da na dawo gida sai na fara kokwanto, saboda abin da na gani ya sami mai facin da ke bakin babban titinmu.

Kowa Saura Kiris yake ce masa. Rumfarsa 'yar ƙarama ce, da tsohon injin ba da iska da bahon baƙin ruwa inda yake tsoma taya don gano huji. Titin da ke gabansa faffaɗa ne, tireloli ba sa rage gudu a kansa. Gidajenmu na wannan gefen, asibiti da makaranta suna tsallake. Matarsa shara take yi a asibitin, kullum sai ta tsallaka, zuwa da dawowa, ga gwiwoyinta sun fara ƙin ta.

Ranar da mota ta kwashe ƙaninsa a tsakiyar titin, shi ya fara isa kan gawar, hannunsa duk gam. Daga nan ya shiga bin gida-gida yana roƙon a haɗa kai a nemi gadar sama ta masu tafiya a ƙafa. Da farko gaskiya yake faɗa: abin da wuya, za a daɗe. Sai ya lura duk ranar da ya faɗi haka, taro na gaba kujeru ne kawai ke saurarensa. Don haka ya sauya baki. Wani ya zo ya auna titi, ya ce saura kiris. An karɓi kokensu a ofis ba a kore su ba, saura kiris. Mutane kuwa suka yi ta fitowa. Mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya ƙera allunan zanga-zanga, mata suka zauna a kan kwalta da goyonsu har motoci suka yi cirko-cirko.

Ɗan kwangila ya zo. Ya gina matakala a wannan gefen, ya gina a wancan. Aka yi murna, aka ɗaga mai faci sama. Wata safiya aka wayi gari an kwashe injuna, tsakiyar gadar ba a ɗora ba. Shekaru ke nan. Yanzu a kan matakalar ake shanya, masu talla na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Na same shi wata la'asar yana kokawa da tayar babur. Ya ce tun daga lokacin ya kira taro ya gaji.

“Ɗana, da babu komai, haushi ke fito da su. Yanzu kowa ya kalli simintin nan sai ya ce ai an kusa. Maganar bakina suke mayar mini.”

Mai walda ya ɗage gilashinsa ya leƙo. “To ba kai ka koya mana ba? Saura Kiris, yau ma saura kiris ɗin ne?”

“Kai dai ka ji da wutarka. Allunanka ma har ka sare su ka yi ƙofa.”

“Ƙofa ana saye, Baba. Allo wa ya taɓa tayawa?”

Mai faci ya waiwaya. Idonsa ya tafi titi, ya yar da ƙarfen da ke hannunsa. Matarsa ce tsaye kan siririn dakalin da ya raba hanya, ta rungume jakarta, iskar tireloli na kaɗa mayafinta gaba da baya. Ya fizgi wani jan tsumma ya faɗa titi yana kaɗawa. Babu wanda ya tsaya. Wata motar ma sai da ta shafi rigarsa. Sun jima a can kafin ya samu rata ya jawo ta, tana ɗingishi, yana kusan ɗaukarta.

Ta zube a benci tana haki, tana murza gwiwa.

“Malam, yau ƙafar ta riƙe ni a tsakiya. Na ɗaga ta ƙi ɗaguwa.”

“Ki bar aikin nan.”

“In bari mu ci taya?”

Mai walda ya mayar da gilashinsa, amma bai kunna wuta ba. Mai faci ya tsaya yana kallon matakalar, tsumman har yanzu a hannunsa.

Na ce, “Baba, in yau aka ce ka faɗi abu ɗaya a yi maka, a ƙarasa gadar za ka ce?”

Ya girgiza kai. “Ba za su ƙarasa ba in ba mu fita ba, mu kuma ba za mu fita ba muddin wannan tana tsaye. A rushe ta, ɗana. A rushe ta da rana, kowa na kallo. Ran nan zan samu mutane.”