Ginshiƙan da Baffa Ya Ƙone

Kakata Iya Laraba ba ta fara tatsuniya sai ta sauke tuwo ta tura gyaɗa cikin toka. Mukan zauna a bakin murhu, mu jingina da ginshiƙai huɗu na rumfa waɗanda marigayi mijinta ya sassaƙa da gizago. Kowanne cike yake da fuskokin mutane da na dabbobi.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya ba da wuri," in ji ta.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta wani masassaƙi da ke fitar da fuskar duk wanda ya rasu a jikin ginshiƙin ƙofar gari. Wata shekara ruwa ya ƙi ɗaukewa, itace ya jiƙe, sai mutane suka faskara ginshiƙin suka yi girki. Da gari ya waye, ba mai iya tuna sunan ubansa.

"Tuwo dai ya dahu," Iya takan ce, "amma 'ya'yan wa suka ci?"

Mu dariya muke yi. Shekara guda bayan rasuwarta, Baffa Ishaya, yayan mahaifina, ya dawo daga wani taron addu'a ya ce ginshiƙan gumaka ne. Ya tumɓuke su ya zuba kananzir. Ina tsaye ina kallo ya cinna musu wuta.

Yanzu ni nas ce a Doha, ina jinyar wata tsohuwa a gidanta. Bara 'ya'yanta suka tafi da mu Alaska ta ƙasar Amurka, muka sauka a wani ƙaramin gari mai yawan ruwan sama, daji har bakin teku. Ko'ina dogayen itatuwa ne da aka sassaƙa: hankaka a kan mikiya, mikiya a kan kifi. A wata rumfa na tarar da wani dattijo ɗan asalin wurin yana saran gungume. Da na ji ƙarar gizagonsa, sai na matsa na ba shi labarin ginshiƙanmu da aka ƙone.

"Namu ma an ƙone wasu, an kwashe wasu," ya ce mini. "Tsofaffi suka tuna, muka sake. Ku fa, me kuke sassaƙawa?"



Ina komowa ɗakina a unguwar Mansura ta Doha na kira gida.

"Baffa, waɗanne fuskoki ne a ginshiƙan Kaka? Uku kawai nake tunawa."

"Ke, har yanzu kina kan maganar itace? Na sani, kuma ba zan faɗa ba."

Sai a lokacin na gane ba baƙi Iya ke yi mana gargaɗi a kansu ba, na gida take nufi. Mutanen tatsuniyarta ma yunwa ce ta sa su. Baffa a ƙoshe ya kunna ashana, kuma yau shi kaɗai ya rage da ya san abin da ya ƙone.

Fastonmu ya ce in yafe masa. Na ce na ji. Wata takwas ke nan ban sake kiransa ba.