Sarƙar agogon wana

Wuya na sha ranar, ba kaɗan ba. Na yi dakon siminti a Malbaza shekara huɗu, na yi tonon rijiya, amma babu aikin da ya gajiyar da ni kamar cire agogo daga hannun wana.

Shi ya fara zuwa Malbaza, ni na bi shi daga baya. A kasuwar Ƙonni ya sayi agogon, irin mai sarƙar ƙarfe da ke talewa. Ba ta da maɓalli. Ja ake yi ta buɗe, a zura hannu, ta koma ta kama. Kullum bayan asuba sai ya murɗa kan agogon sau ashirin, ya kai kunne, sannan ya yi wa mutane magana.

Da ciwon kumburi ya kama shi muka dawo da shi ƙauyenmu, kusa da Tajaye. Ƙafafu suka fara, hannuwa suka biyo. Na ce mishi ya cire agogon tun yana fita. Ya ce in bar shi, da me zai san lokacin shan magani? Maganin kuwa saiwa ce Inna ke jiƙawa a ƙwarya, ba ta da wani lokaci. Ya cika da hantsi, cikin bazara, agogon na ta tafiya a hannunshi.

Liman ya zo wanka, ya duba, ya ce ba a sa mutum cikin likkafani da ƙarfe a jiki. Aka ja sarƙar ta buɗe iyakarta, ba ta wuce gindin babban yatsa ba. Aka shafa man shanu, banza. Ga zafi, liman ya ce kafin azahar sai an kai shi. Kawunmu ya aika a karɓo almakashin maƙera. Sai dai kafin bakinshi ya shiga ƙarƙashin sarƙar, dole ya nutse cikin nama.

Daga bayan zana Inna ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Kada ku ji mishi ciwo. Kuma kada ku kashe agogon."

Kawu ya ce ai mamaci ba ya jin ciwo. Liman ya ce yana ji. Kawu ya juyo ya dube ni, ya ce to ga ɗan Malbaza nan, tun da su suka san abin Nasara, ya zo ya cire.

Sau ɗaya na taɓa ganin an yi, wajen wani mai gyara a rumfar kasuwa. Jikin agogo yana da ƙahoni biyu kowane gefe, tsakaninsu akwai ɗan tsinken ƙarfe da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba. Shi ke riƙe da sarƙa. In an danna bakinshi da abu mai tsini sai ya shige ciki, sarƙar ta saki. Mai gyaran ya shimfiɗa farin ƙyalle tukuna, ya kuma ɗora babban yatsa a kan tsinken. Na tuna dannawar. Ƙyallen da yatsan ban tuna ba.

Na karɓi allurar Inna. Na yanki ganyen kaba na cusa tsakanin ƙarfen da fatarshi, na juya tsinin allurar wajen agogon don in ta zame kada ta same shi. Ta zame sau uku. Zufa na ɗiga daga goshina tana sauka a damtsenshi, liman na tsaye yana duban inuwa a ƙofa. A na huɗu na ji ƙyas, sarƙar ta faɗi gefe. Tsinken ya yi tsalle ya shiga yashin ɗakin, ba wanda ya ga inda ya sauka.

Wurin da sarƙar ta kwanta ya yi rami zagaye, bai taso ba. Fatar dai ba ta yanku ba. Na duba, ban ji komai ba. Aka yi wanka, aka yi salla, muka kai shi.

Da muka dawo na tarar Inna ta share yashin ɗakin kaf ta tara a tsakar gida, tana tankaɗewa da rariya kamar gari. Matan da suka zo gaisuwa suna karɓa suna ba juna. Wata tsohuwa ta ce ko tuwon yashi za a ba su sadaka. Ba wanda ya yi dariya. Bayan la'asar tsinken ya fito cikin rariya, tare da tsakuwa da ƙwayar gero biyu. Inna ta kawo mini shi ƙulle a bakin zane.

"Ka sa mishi fata. Ƙarfen nan ba zai ƙara kama hannun kowa ba."

Badukun unguwarmu ya yanko fatar akuya, ya naɗe bakinta ya ɗinke, ya bar kafar da tsinke zai bi, ya huda mata kafofin ɗauri. Ta yi faɗi, ya rage da aska. Wannan karon na shimfiɗa ragowar likkafani a kan faifai, na cire ɗaya tsinken da yatsana a kai. Na zura su cikin fatar, na sa bakin tsinke ɗaya a raminshi jikin ƙahon, na danna ɗayan har na ji ya shiga. Na ja sau biyu, bai saki ba.

Inna ta kai agogon kunne ta daɗe. Ta ce ba ya motsi, na kashe shi. Na ce murɗi yake so, rabonshi da murɗi tun asubar jiya. Na miƙa hannu, ta hana. Ta ce mai shi da asuba yake murɗawa. Ni kaina ban tabbata ba ko allurar ta taɓa wani abu a ciki.

Washegari bayan salla na murɗa sau ashirin, na kai kunne. Yana tafiya. Ban san ƙarfe nawa ba, na dubi gabas na ajiye hannuwanshi inda na ga dama. Na ɗaura wa Inna, har kafa ta ƙarshe yana mata yawa. Na ɗauki gatari na tafi sassabe gonarshi.