Abla Saude, malamar da Ruwais ta zarga

Da safen nan ƙanwata ta bugo mini waya: Abla Saude ta rasu. Ban yarda ba sai da na kira 'yarta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ta koyar da mu a falon gidanta a unguwar Ruwais, mu yaran da iyayenmu ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba makarantar da za ta karɓe mu. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya. Ana karatu ina leƙen motoci ta taga.

Ba ta taɓa dukana ba. Tana cikin darasi sai ta ƙwanƙwasa kofin shayi da cokali, kowa ya tambayi kansa: ina hankalina yake yanzu? In ya tafi ka ɗaga hannu ka faɗa, sannan ka dawo da shi.

Unguwa ba ta saki jiki da ita ba. Malama ba bulala, ga ta da iƙama, kuma kullum tana tambayar yara yaushe suka kwanta, su nawa ne a ɗaki? Da jawazat, jami'an shige da fice, suka kwashe maƙwabtanmu, sai aka ce ita ta kai rahoto. Iyaye suka janye 'ya'yansu.

Ummata ma ta zarge ta. Ranar nan ta biyo ni ta laɓe bayan labule. Abla ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Maman Hindatu, shigo ki zauna, ana ganin ƙafafunki."

Umma ta shigo fuska a ɗaure. "Me ya haɗa ki da kwanan gidajenmu?"

"Yaron da bai yi barci ba ba ya sauraro. So nake in san wanda zan bari ya huta."

A hanya Umma ta ce mini, "Ban gama yarda da ita ba. Amma yau na ga kin zauna." Ba ta cire ni ba.

Bara muka haɗu a wani kanti a Aziziyya, ina gaishe ta ina latsa waya. Ta ce, "Yalla, 'yata, zaɓi ɗaya, ni ko ita." Na jefa wayar cikin jaka, ta riƙe hannuna muna ta dariya.

Har ta koma ga Allah akwai waɗanda ba sa amsa sallamarta, kuma ba wanda ya taɓa kawo hujja. Na san wasunku na karanta wannan.

Allah ya jiƙan ki Abla, ya haskaka kabarinki. Don Allah ku sa ta a addu'a, har da ku ɗin.