Tunda Kana Zaune

A gidanmu ba a taɓa yin mai zama irin Auta ba. Wata goma sha huɗu ya yi yana zaune, har takalmi biyu suka mutu a ƙafarsa.

Auta ƙanena ne, shi ne na biyar a ɗakinmu. Ranar da ya dawo da takardar gama kwaleji, Baba ya zaunar da shi a falo. Baba tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba.

"Buɗe kunnenka," in ji Baba. "Duk inda ka je neman aiki, tambaya ɗaya ce: me ka yi da lokacinka tun da ka gama? Kada ka yi mini zaman kashe wando. Ka tanadi amsa."

Auta ya ɗauki maganar da zafinta, dama shi ko wasa aka yi masa sai ya nemi biro. Ya samo farin kwali, ya ja layuka da rula, ya manna a bayan ƙofar ɗakinsa. Bakwai zuwa tara, kwamfuta. Tara zuwa sha ɗaya, wani harshen waje. Da rana koyon tuƙi. Har da minti ashirin na "tunanin makoma". Baba ya duba da jan biro, ya gyara kalma ɗaya, ya ce ba laifi.

Kwana tara jadawalin ya yi yana aiki. A na goma Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Muka taru a asibiti, kowa da uzurinsa a aljihu. Babban yaya yana da ofis. Mai bi masa tana da shago. Ni ina da yara uku da mijin da ba ya iya gano safarsa in ba na nan. Na huɗunmu yana wani gari. Sai duk muka juya muka kalli Auta. Ba zan ɓoye ba, daga bakina maganar ta fara fita: "Auta, tunda kana zaune..."

Shi ke nan ta zama waƙar gida. Tunda kana zaune, karɓo magani. Tunda kana zaune, raka Umma wajen likitan ido. Tunda kana zaune, ɗauko mini yara daga makaranta. Wannan ma tawa ce, Allah ya yafe mini.

Likita ya ce in ana so Baba ya sake takawa, sai an riƙa tayar da shi kowace safiya. Saboda haka bakwai zuwa tara, lokacin kwamfuta, Auta yana ɗaura wa Baba tawul a ƙugu, ya riƙe ta baya, su ja ƙafa tare. Daga gado zuwa ƙofar ɗaki mako uku suka ci. Daga nan zuwa ƙofar gida, wata biyu. Da suka fita titi sai suka koma ƙirga falwayoyin wuta. Auta ya juya kwalin jadawalinsa, yana rubuta kwanan wata da falwayar da suka kai.

Harshen Baba ne ya fara warkewa, abin da babu wanda ya yi gaggawar roƙo. Yana rataye a hannun yaron zai ce, "Ina ka kai a kwamfutar?"

"Ina nan ina shiri, Baba."

"Shiri! Ɗan maƙwabcinmu kwas uku ya yi. Kai sai yawo a titi."

Da wa yake yawon, Baba bai taɓa tsayawa ya lissafa ba.

A wata na goma sha huɗu wani kamfani ya kira Auta ganawa. Na goge masa riga da kaina, na kuma ce zan zauna da Baba, karo na farko da na yi wannan bajinta. Kafin rana ta take na shiga kicin ɗora ruwan zafi, na fito babu Baba, babu sandarsa. Na fita da gudu, takalmina wari da wari.

Can na hango shi a mahaɗar titi, gaban shagon mai aski, inda bas ke sauke mutane. Yana tsaye shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga. Ina isa bas ta tsaya, Auta ya sauko da fayil a hammata. Ya ga Baba, ya daskare. Na ga idonsa yana bin titin, leɓensa yana motsi.

"Yaya aka yi?" in ji Baba. "Sun yi tambayar?"

"Sun yi, Baba. Sak yadda ka faɗa."

"Ka ce me?"

"Na ce ina gida."

Na kasa haƙuri. "Auta! Ba ka gaya musu jinyar Baba ba?"

"Haba Yaya, wannan ai ba aiki ba ne. Babana ne fa."

Mutanen kamfanin sun ce za su neme shi, kuma duk mun san fassarar wannan. Baba ya buga sanda a ƙasa. "Ban faɗa maka ba? Shekara guda da wata biyu, ba ka tsinana komai ba!"

Auta ko a jikinsa, murmushi yake har kunne. "Baba, kai kaɗai ka zo? Falwaya bakwai?"

"Kada ka canza mini magana."

Muka juyo gida. Baba a gaba yana jan ƙafa yana lacca a kan darajar lokaci, Auta taku ɗaya a bayansa, tafin hannunsa a buɗe kusa da ƙugun tsohon, bai taɓa shi ba. Ni ina can baya ina kuka kamar wadda aka yi wa duka, don kunya ta kama ni, kuma na cancanta.

A ƙofar gida Baba ya dafa bango yana haki. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya miƙa hannunsa na dama, wanda ya shanye, ya lalubo hannun Auta ya riƙe.

"Gobe sai mun kai ta takwas," in ji shi. "Tunda kana zaune."