Karon Ɗakin Inna

Yayana ne ya kawo karon, wato tayil ɗin da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki. Bayan ya bar soja ya kama rakiyar kayan ƴan kasuwa tsakanin Damagaram da Gigimi, a wata tafiya kuma ya tarar ana rushe wani kanti ana sayar da abin da ya saura. Ya iso Diffa da akwatunan katako a bayan raƙumi, an cusa musu ciyawa, da buhun siminti guda. Da ya buɗe muka ga farare ne masu zanen shuɗi, masu santsi kamar tangaran. A lokacin Nasara na mulki, Diffa ba ta wuce babban ƙauye ba, yawancinmu ba mu taɓa ganin irinsu ba.

Don ɗakin Inna ya saye su. Gidanmu na gangaren Kumadugu, duk shekara in kogi ya kawo sai danshi ya taso ta ƙasa, tabarma ta yi baƙi, ƙafafun Inna su kumbura. Bai daɗe ba ayarinsu ya tashi. Yana ɗaure kaya ya ce mini, "Ka nemo wanda zai shimfiɗa kafin ruwa ya sauka. Ka kula, in ɗaya ya fashe babu inda za ka samo wani."

Da wannan magana ya bar ni. Ina da aure a lokacin, ina da gonar tattasai tawa, amma ban taɓa sa kowa aiki ba.

Na fara zuwa wurin tsohon maginin unguwarmu, abokin marigayi babanmu, wanda ya gina kowane bango a gidan. Ya ɗauki karo guda ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Ɗana, ni ƙasa na sani. Wannan kwano ne aka miƙe. A kan kwano za ka sa uwarka ta yi tafiya?"

"Baba, Yaya ya ce haka ake yi a manyan garuruwa."

"To can ne. Amma ba na barin wani ya taɓa ɗakin da na gina ba na wurin."

Ranar kasuwa wani mai kifi ya ba ni labarin wani mutum a Geskeru da ya yi leburanci a Yerwa, a gidan wani Bature. Na hau jaki na tafi. Na same shi yana gyaran koma a bakin kogi, mutum mai yawan dariya. Na tambaye shi ko ya taɓa shimfiɗa karo. Ya ce da hannunsa dai a'a, shi ke kwaɓa siminti yana miƙa wa masu yi, amma idonsa ya gani daga farko har ƙarshe. Duk da haka muka shirya zai zo ya yi aikin tare da tsoho. Ɗaya bai taɓa gani ba, ɗaya bai taɓa yi ba, su ne kuma kaɗai nake da su.

Muka kwashe kayan Inna zuwa ɗakin matata. Tun ranar farko maginan suka saɓa. Na Geskeru yana son a share ƙasa a fara. Tsoho ya ce ba za a aza komai a kan ƙasar da ke shan ruwa ba, sai an haƙe ta an cika da tsakuwa da tsingaro an daka. Kowane ya juyo yana kallona. Na dubi gabas, gajimare ya fara taruwa da yamma-yamma kwanakin nan. Haƙa zai ci lokaci. Amma na tuna baƙin tabarmar, na ce a haƙa. Na Geskeru ya yi tsaki ya ɗauki diga.

Yaran unguwa suka yi ta kawo fasassun tukwane, mu kuma muna dakawa. Da aka gama, na Geskeru ya ce a kawo manyan kwatanniya a cika da ruwan kogi, ya fara tsoma karon ciki. Na riƙe hannunsa.

"Malam, me kake yi? In suka jiƙe suka narke fa?"

"Abin da aka gasa da wuta ba ya narkewa. In ba su sha ruwa ba za su shanye na simintin, su ƙi kamawa. Haka na ga ana yi."

"Ka tabbata?"

"Na ce maka haka na gani."

Na sake shi, amma na kasa barin wurin. Ina ta sa hannu cikin ruwan ina taɓa su, ina jin ko sun fara laushi. Tsoho yana zaune a inuwa yana cin goro.

Washegari aka ja zare daga bango zuwa bango aka fara. Layin farko ya tafi daidai. A na biyu muka gane ɗakin ba murabba'i ba ne, bangon yamma ya ɗan karkace, sai an yanke karo kafin ya shiga. Na Geskeru ya zana layi da ƙusa, ya aza karon a kan gefen katako ya danna. Ya tarwatse gida uku. Ya gwada wani, shi ma haka. Ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Na ce ya tsaya. Tsoho ya taso ya ce a bar yanka, a jera masu lafiya a tsakiya da wajen gado, gefen bango kuwa mata su yi masa daɓe irin na gida. Na Geskeru ya ce a Yerwa ba a haka. Tsoho ya ce nan ba Yerwa ba ce. Na duba buhun siminti, ya riga ya wuce rabi, na bi maganar tsoho.

Ana saura kaɗan hadari ya taso bayan azahar. Iska ta fara ɗaga zana, gari ya yi duhu. Na san rufin ɗakin yana ɗiga ta kusurwa guda, shekara da shekaru muna tara ƙwarya a wurin, ga siminti ɗanye. Tsoho, da shekarunsa, ya hau soro da kwandon laka yana toshewa. Ni da na Geskeru muka baza fatun shanu da tabarmi a kan karon, muna takawa a kan katako don kada mu motsa su. Matata ta tare bakin ƙofa da buhunan yashi. Inna na tsaye a ƙofar ɗayan ɗakin tana kiran, "Ku sauko da tsohon nan kada ya faɗo!" Ruwan ya zuba sosai. Na durƙusa a kusurwa riƙe da ƙwarya ina taren ɗigo, in ta cika na miƙa a zubar, har hannuna ya mutu.

Da aka ɗauke muka yaye fatun. Karo biyu na kusurwar sun zame, sauran suna nan. Na Geskeru ya kankare ragowar simintin da ke manne a buhu ya mai da su. Ya ce kada kowa ya taka sai ya bushe sarai, ya koma garinsu. Kwanakin nan na yi ta leƙawa ta ƙofa, ban yarda ko kaza ta matso ba.

Mata suka zo suka yi daɓen gefe da waƙa, suka shafe shi da makuba. Ranar da Inna za ta koma ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe. Ta cire takalmi, ta riƙe kafaɗata, ta aza ƙafa ɗaya a hankali kamar mai gwada zurfin ruwa.

"Da sanyi," ta ce.

 Ta ƙara taku biyu, ta sunkuya ta shafa da tafin hannu, ta duba hannun.

"Amma a bushe yake. Kawo mini buzuna."

Kogi ya cika a shekarar har ya taɓa gonakin da ke bayan gida, danshi bai hau ba. Akwai karo guda kusa da ƙofa da ke ƙara kamar ganga in an taka, kullum na ji sai na ɗauke numfashi, Inna kuwa ta koyi tsallake shi. Da bazara ta zo, zafi ya hana kowa sakat, jikokinta da ƴaƴan maƙwabta suka gano wurin. Da rana tsaka sai ka same su kwance rigingine a kan karon, ciki a waje, Inna na korar musu ƙuda da mafici.